Gadon Da Surukai Sunka Ƙera

"Inna, ki gaya ma yaron ga, takarda daban, ƙarhe daban. Ni ba da biro nike walda ba."

Malam Hammadu ke nan, yana magana yana kallon rufin kwano kamar can mai laifin yake. Yaron da yake nufi kuwa, jikana Mujtaba, yana tsaye daf da bayanshi, in ya so ma sai ya miƙa hannu ya gyara mashi hula. Na juya wurin Mujtaba na ce, "Surukinka ya ce Allah shi yi ma karatunka albarka."

"Kaka, ki ce ma Baba don girman Allah shi duba zanen ko sau guda. Wanga ƙarhe na tsakiya ba shi ciki."

Na koma ga Malam Hammadu. "Ya ce sannu da aiki. Ya ce walda irin taka ko Ikko sai an tona."

Sai Cornelius, mai kamfanin, ya buga tebur har kofin shayinshi ya yi tsalle. "Mama! Ba haka suka ce ba! Ina nan zaune, da kunnena na ji!"

"To kai anka aika, ko ni?"

"Ai ba sai an aiki kowa ba! Ga wannan, ga wannan! In ɗaya ya yi atishawa a wuyan ɗaya za ta sauka!"

Na ce mashi ya sha shayinshi kafin ya huce. Cornelius mutumin kirki ne, ɗan wajen Jos, Hausa a bakinshi kamar ruwa, amma akwai abin da zaman ƙasar nan bai koya mashi ba har yau. Abin da kunne ya tsinta tsakanin surukai ba shi ne magana ba. Magana ita ce wadda ɗan aike ya kawo, an wanke ta, an rufe ta da faifai. Ni kuwa Aminatu ban taɓa kai wa kowa saƙo da ƙura ba.

Bari in koma baya kaɗan, don na san akwai waɗanda ba su san gidan ba. Lokacin da anka ba mu jihar Kebbi, mutane sunka kwararo daga Sakkwato da katifu bisa motoci, har ɗakin awaki sai da anka share anka ba akawu haya. Cikinsu har da Cornelius, wanda a da gyaran injunan asibiti yake yi can. Ya kama wani tsohon siton shinkafa a unguwar Nasarawa, ya kafa allo mai dogon suna na Turanci wanda ba wanda ya taɓa karantawa har ƙarshe. Kowa Gidan Cornelius yake cewa. Suna ƙera sandunan guragu da kekunansu, da gadajen asibiti, da ƙarfen nan da ake rataya ruwan ƙari, suna kuma gyaran tukunyar da ake dafa allurai. Ni ke yi masu abincin rana. Ba don na rasa tuwo a gida ba. Shirun gida ne ya yi mani yawa, kuma duk wani labari mai daɗi na Birnin Kebbi ta ƙofar nan yake bi. In anka zo sayen sandar guragu, ai dole a faɗi wanda ya faɗi daga babur, da unguwar da ya faɗi, ni kuma in gane wurin wa ya je.

Malam Hammadu shi ne babban mai walda. Ɗan maƙera ne tun kaka da kakanni, ya bar zuga-zugi ya kama wutar lantarki, amma har yanzu in ya taɓa ƙarfe da yatsa sai ka ce gaisawa suke. Mujtaba kuma daga kwalejin fasaha ya fito, shi ke zana abin da za a ƙera. Da farko fa su biyun nan ba ka jin komi daga sashensu sai gardama. "Kai yaro ba ka da hankali!" "Malam, kai ma auna ka gani!" Su wuni suna yi, amma da la'asar sai ka ga abu ya fito. Da wannan gardamar sunka ƙera keken guragu mai faɗin taya wanda ba ya nutsewa cikin rairayi, har daga Jega ana zuwa nemanshi.

Sai Zakiyya, ɗiyar Malam Hammadu, ta fara kawo wa ubanta fura. Sai jikana ya fara jin ƙishirwa daidai wannan lokacin kullum. Ni na fara gani, kuma kafin sati duk Nasarawa ta gani, ban san yadda anka yi ba. To daga ranar da anka shafa fatihar aurensu, bakinsu ya mutu. Mujtaba ba ya ɗaga ido gaban Malam Hammadu, Malam Hammadu ba ya kiran sunanshi. In sunka haɗu a ƙofa sai su yi ta ja da baya, kowa na ba ɗan'uwanshi hanya, har wani ya zo ya raba. Duk abin da za a faɗa sai ta bakina.

Ana cikin haka Sista Paulina ta zo daga Argungu. Ungozoma ce ta wani ƙaramin asibitin haihuwa can, kuma in damina ta sauka ita ke shiga kwalekwale ta bi ƙauyukan fadama har wajen Augie. Ta ce ta gaji da karɓar haihuwa bisa jiƙaƙƙiyar tabarma, tana durƙushe har gwiwarta ta kumbura. Tana son gadon haihuwa wanda za a naɗe, mutum ɗaya ya ɗauka, ya shiga kwalekwale. Mujtaba ya ce shi zai zana. Abu na farko ke nan da anka bar mashi tun daga tushe, ya riƙa kwana yana tashi da shi, har Zakiyya ta ce mani ta fara tunanin ko fensirin ya aura.

Na farko da sunka kai, Paulina ta ce sai ƙarti huɗu za su ɗaga shi, ko so ake kwalekwalen ya nutse da ita. Na biyu ya yi sauƙi, amma da ta danna shi da hannu sai ya naɗe kamar tabarma. Shi ne Malam Hammadu ya ji haushi, ya ɗauko wani ƙarfe mai kauri ya gitta a tsakiyar na ukun, ba ya cikin zane, ba ya cikin shawarar kowa. Kuma daidai lokacin nan Zakiyya na da ciki, ya fito sosai, ana ganinshi tun daga bakin titi. Ku duba mani wannan lamari. Uban yarinya da mijin yarinya, an haɗa su ƙera gadon haihuwa. Ko sunan gadon ba su iya faɗa gaban juna. "Abin ga" suke ce mashi.

Cornelius ya rasa yadda zai yi, sai ya tafi wani kwas Kaduna, ya dawo da sabuwar jaka da sabon ilimi. Ya tara mu ya ce an koya masu cewa kamfani ba ya ci gaba sai ma'aikata sun haɗa kai, sun saki jiki da juna. Don haka duk Laraba za a zauna a da'ira, babu oga babu yaro, a ci abinci tire ɗaya, kowa ya kira kowa da sunanshi, kowa ya faɗi aibin aikin ɗan'uwanshi a gabanshi. Na ce to, Allah ya kai mu Larabar.

Laraba ta zo na zuba shinkafa da miyar kifi a babban tire. Malam Hammadu ya ce azumi yake. Mujtaba ya ce cikinshi na murɗa. Laraba ta gaba ma haka. Na ce, "Malam, mu dai Litinin da Alhamis munka sani, wanga na Laraba wane malami ya ba ka shi?" Ya ce ramuwa yake. Cornelius ya mai da taron Talata, ramuwar ma ta koma Talata. Da anka zo wurin faɗin aibi kuwa, Cornelius ya ce, "Mujtaba, me ka gani a aikin Hammadu?" Jikana ya dubi tabarma ya ce bai ga komi ba sai alheri. Anka tambayi Malam Hammadu, ya ce shi ma haka. Sauran ma'aikata sunka cinye kifin, anka tashi. Ni dai taron ya yi mani, don a nan ne mai fenti ya faɗi aibin mai gadi, abin da ya kai har gidajensu, amma wannan wani labari ne.

Ranar da Cornelius ya buga teburin nan, da ya gama huci sai ya yi magana a hankali, kuma na fi jin tsoron wannan. Ya ce Paulina ta aiko, ta ce wannan ne zuwa na ƙarshe. In bai yi ba za ta nema daga Kaduna, ko da mai nauyin ne. Shi kuma in haka ta faru zai rufe ɗakin zane, a koma gyare-gyare da kwaikwayon abin da wasu sunka ƙera, Mujtaba ya je ya taya mai fenti shafa sandunan guragu. "Ba mugunta ba ce," in ji shi. "Amma ba zan riƙe mai zane da mai walda da ba sa magana ba."

Da yamma Mujtaba ya biyo ni gida, ya zauna bakin murhu kamar wanda anka kora daga makaranta.

Na ce, "Mai gidana, yau kuma mi anka yi maka? Ko ka zo biko?"

"Tsohuwa, bar wasa. Gadon ga ba ya yi."

"Ba ka ce ya daina naɗewa ba?"

"Ya daina. Amma ƙarhen da Baba ya gitta, daidai nan yake." Ya kai hannu ya dafa kwankwasonshi. "Daidai inda mace ka danna bayanta in abin ya taso. Katihwar ba ta da kauri, don in ta yi kauri ba ta naɗuwa. Wadda duk ta hau shi, ƙarhen ga za ta ji kamar an gitta mata taɓarya."

"Kai ina ka san inda mace ka danna bayanta?"

Ya kawar da kai. "Sista ta yi man bayani. Kaka, ki gaya mashi. Ke kaɗai ka iyawa."

Na ce, "Ni? In tsaya gaban uban yarinya in yi mashi wa'azin naƙuda, ɗiyarshi na gidanka da ciki haihuwa yau ko gobe? In ce wa ya aiko ni? Kai? Ai sai ya haɗiye sandar waldar."

"To ki ce ke kika gani."

"Ni da na haihu tara bisa rairayi, mi na sani ga gado?"

Gaskiya ko na so faɗa, babu faifan da zai rufe wannan saƙon. In na wanke shi ya tashi daga aiki, in ban wanke ba ya fi ƙarfin bakina. Kuma ban ɓoye maku, na ji ana cewa duka za a tafi Argungu kai gadon, ni kuwa rabona da kifin Argungu mai zafi tun kafin a ba mu jiha.

Ranar tafiya an kwana ana ruwa. Motar kamfani a-kori-kura ce, gaba mutum uku take ɗauka har da direba, kuma Cornelius ke tuƙi. Ya ce Hammadu da Mujtaba su shiga gaba, su tattauna a hanya, ni in zauna gida. Kafin ya rufe baki na riga na shige tsakiya na gyara zanena. Mujtaba ya haye baya ya rungume gadon, ya ce shi dama iska yake so. Haka munka tafi, fadama ta cika ta batse, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, yayyafi na dukan jikana. Malam Hammadu na ta satar kallonshi ta madubi. Can ya ce, "Inna, da an miƙa ma yaron ga buhu shi ruhe kai." Na leƙa ta tagar baya na ce wa jikana, "Surukinka ya ce ka riƙe gadon da kyau!"

Sista Paulina gajeriya ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma muryarta ta fi ta mai shelar kasuwa. Rabin samarin unguwar ita ta yanke masu cibiya, don haka babu namijin da take ganin girman rawaninshi. Ta sa anka shigar da gadon wani ɗaki da babu kowa, mai ƙofar katako. Ni kuma na aika anka sawo mani kifi a takarda, na samu benci na zauna inda zan ga kowa.

Mujtaba ya warware gadon. Paulina ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta gyaɗa kai. Ta danna, bai naɗe ba, ta sake gyaɗa kai. Malam Hammadu ya gyara tsayuwa, ya shafa gemu.

"To," in ji ta, "wa zai hau?"

Cornelius ya yi farat ya ce ai a Kaduna an koya masu cewa wanda ya ƙera abu shi ya kamata ya fara gwada shi. Yana faɗa yana murmushi, bai san ramin da ya gina ba. Mujtaba ya dubi maratayan ƙafa guda biyu da ke tsaye a ƙarshen gadon, ya dubi surukinshi. Malam Hammadu kuwa ya ɗauka zama za a yi a ga ko ƙarfe zai lanƙwashe, kuma a kan ƙarfenshi ba ya jin kunyar kowa. Ya ce, "Ni na yi shi, ni ka hawa." Ya tattare riga ya zauna, har da ɗan jijjigawa. "Kun gani? Ko raƙumi."

"Baba, ba zama ake yi ba. Kwanta."

"Na'am?"

"Kwanta. Kawo hular." Ta zare mashi hula ta miƙo mani. Kafin ya gama salati ta tura kafaɗarshi, ta kama ƙafar dama ta ɗora bisa maratayi, ta kama ta hagu ta ɗora. Ga Malam Hammadu, babban mai walda na Nasarawa, limamin masallacin kamfani in liman bai zo ba, kwance ƙafafu sama, takalmi ɗaya ya faɗi. Mujtaba ya juya ya manna goshi da bango. Cornelius ya fara nazarin jakarshi. Ni dai ban ga dalilin kawar da kai ba, na gyara zama.

"Yanzu danna bayanka. Da ƙarfi. Riƙe nan, ka yi nishi."

"Sista, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronSa, shi ya sa nake gwadawa. Danna!"

Ya danna. Na ga idonshi ya fito, gumi ya tsatso a goshinshi.

"Yaya ka ji?"

"Lahiya lau."

"Sake."

Ya sake. Wannan karon har wata 'yar ƙara ta kuɓuce mashi. "Lahiya... lau."

"Madalla. Sai ka zauna haka, don mace takan wuni a kai." Ta zura hannu ƙarƙashin katifar daidai kwankwasonshi, ta lalubo, sai fuskarta ta canza. Ta daina wasa. "Wannan mene ne? Wa ya zana gado da ƙarfe a nan?"

Ta juya ga jikana.

"Mujtaba, da kai nake. Ni da kai muka zauna, na nuna maka a jikina inda ba na son komai mai tauri. In kai ka zana haka, ba ka ji ni ba, ku kwashe abinku, na gode. In kuma akwai magana, yanzu zan ji ta. Ina da mata biyu suna jirana a wancan ɗakin."

Jikana ya waiwayo ta gefen ido ya dube ni, irin kallon da yake mani yana yaro in ya fasa tulu. "Kaka..."

Na nuna mashi bakina. Cike yake da kifi, kuma mai ƙaya ne, ba a gaggawa da shi.

Ya koma ga bango. Ya yi gyaran murya. "A gaya ma Baba..."

"Bango ba ya walda," in ji Paulina. "Ga mai waldar nan kwance."

Wallahi na ji tausayinshi, har na kusa haɗiye kifin. Ya juyo a hankali, idonshi na kan takalmin nan da ya faɗi, ya durƙusa kamar mai gaisuwa. Ya ce, "Baba, ka gahwarce ni. Ƙarhen ga ba shi cikin zane. Daidai kwankwason mace yake. In naƙuda ta taso ta danna, shina iya yi mata rauni. Dole a cire shi."

Ya faɗi kalmar. Gaban surukinshi. Na ce yau ko ƙasa ta tsage ko Malam Hammadu ya suma.

Malam Hammadu ya ɗago kai daga katifa. "A cire shi? In an cire shi mi ka riƙe gadon? Ka manta na biyu da ya naɗe kamar tabarma?"

"To a sauke shi ƙasa."

"In ka sauke shi ƙasa ta ina za ya naɗu? Kai yaro ba ka da hankali!"

"To a matsa da shi wajen kahwaɗa!"

"Nauyin ba can yake ba, nan yake! Ni da ke kwance na hi ka sani!" Ya bugi katifar da tafin hannu.

"Malam, kai ma auna ka gani! In ya tsaya miƙe dole ya taɓa baya!"

"To wa ya ce dole shi tsaya miƙe?"

Mujtaba ya ɗago ido, karo na farko tun ranar ɗaurin aure, ya dubi mutumin nan cikin ido. "In an lanƙwasa shi..."

"Shi bi ta ƙasa, kamar gindin ƙwarya."

"Bayan ba ya taɓa shi. Amma ba ya raunana?"

"In an lanƙwasa shi da sanyi ya raunana. Wuta za a sa mashi, irin ta maƙera. Ni ka yi. Ba ni fensirin ga."

Mujtaba ya zaro fensir daga bayan kunne da wata jiƙaƙƙiyar takarda daga aljihu, ya matso ya ɗora ta bisa cikin surukinshi, sunka haɗa kai suna ja suna gogewa. Wannan ya ce zurfin ya yi yawa, wancan ya ce in bai kai haka ba mai jiki za ta taɓo shi. Ƙafafun Malam Hammadu na nan sama inda Paulina ta bar su, babban yatsan na motsi duk lokacin da ya ci gardama. Cornelius ya matso kusa da ni, idonshi har da ƙwalla, ya raɗa mani, "Mama, kin ga abin da aka koya mana a Kaduna ke nan." Na ce mashi ni ban ji ya ce an ɗaga ƙafar kowa a Kaduna ba.

Paulina ta leƙa takardar ta kafaɗar Mujtaba, ta sa yatsa ta nuna wani wuri, sunka gyara. Ta ce, "In kun yi shi haka, na karɓa. Ku kawo kafin ruwa ya janye. Baba, sauko, ka haihu lafiya."

Sai a lokacin Malam Hammadu ya tuna inda yake. Ya zare ƙafafu, ya sauko a duƙe, hannu ɗaya dafe da kwankwaso, yana laluben takalmi da ƙafa. Na miƙa mashi hula ya sa ta a karkace. Ya buɗe baki ya ce, "Inna, ki gaya ma..." sai zafin bayan ya sake soke shi, ya juya gaba ɗaya ga jikana.

"Kai Mujtaba! Tun yaushe ka san da wanga?"

"Tun ranar da ka gitta shi, Baba."

"Ka yi shiru? Ka bar ni ina ta zuba mashi walda? Kunyar mi? Wanga ai karya mutum yake! To da Zakiyya ce ta hau shi da cikin ga nata, ka ce mani mi?"

Ya ji abin da ya faɗa bayan maganar ta riga ta fita daga bakinshi. 'Yar fari ce, ko a gidanshi ba a taɓa jin sunanta a bakinshi ba, yau ga suna ga ciki, gaban miji, gaban ungozoma, gaban Cornelius, kuma mafi muni gabana. Mujtaba ya sunkuyar da kai har haɓarshi na taɓa ƙirji, amma na ga kafaɗunshi na rawa don dariya.

Na ce, "Malam, wanga saƙon in kai shi yadda yake, ko in wanke?"

Bai ko dube ni ba. Ya fizgi takardar daga hannun Mujtaba ya cusa a aljihu, ya nufi ƙofa yana ɗingishi. Da ya kama marfin sai ya tsaya, ya ce wa katakon, "Gobe da sassahe a same ni maƙera. A zo da gawayi."

Ya fita, ya maido ƙofar da ƙarfi, garam!